Gonar Bature da Idon Ango

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgi bai zo ba. Na tsaya da akwatina da ƙullin kuka da yajin da Umma ta cusa mini, ina kallon Turawa suna wucewa kamar ana korarsu, na yi ta kiran lambarsa har kunnena ya yi zafi. A kashe take. Alhaji Bala ke nan, ɗan garinmu, wanda ya zauna a falonmu a Gyaɗi-Gyaɗi ya sha zoɓo, ya rantse cewa aiki a asibitin ido yana jirana a Ingila, ɗakina ma har an share. Wallahi da bare ne ya yi mini haka, da bai ci mini rai kamar yadda ya ci ba.

Wata 'yar Somaliya mai goge ƙasa a wurin ce ta lura da ni. Ta ga hijabina ta yi mini sallama, ta ja ni gefe ta tsiyaya mini shayi mai citta daga filas ɗinta. Ita ce ta duba adireshin da ke hannuna ta ce, "'Yar'uwa, wannan ai ba asibiti ba ne. Gidan kula da tsofaffi ne, kuma yana can arewa, bakin teku." Ta raka ni har bakin motar da za ta kai ni. Ko sunanta ban tambaya ba saboda ruɗewa, amma har yau tana cikin addu'ata.

Sunana Zulai. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na yi shekaru a sashen ido na asibitin koyarwa da ke kusa da gidanmu. Aurena ya mutu babu ɗa, kuma "Allah ya kawo nagari" ta 'yan unguwa ta ishe ni, shi ya sa da hanya ta samu ban yi wata-wata ba. Abu ɗaya na baro wanda ya zame mini ƙarfen ƙafa, shi ne kakana Malam Haruna, mahaifin Babanmu. Tun ina rarrafe yake ce mini Amarya, ni kuma na tashi ina ce masa Ango, irin wasan jika da kaka.

Ango manomi ne a wajen Kibiya, sai da ƙarfi ya ƙare aka ɗauko shi aka dawo da shi wurinmu. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu. Tun yana ƙauye wani mai magani da ke bin kasuwanni ya soka masa allura a idon hagu, wai zai ture yanar, idon ya mutu murus. Daga ranar ya ce ƙarfe ba zai sake taɓa masa ido ba. Na damansa ne ya rage, shi ma haske da duhu kawai yake bambancewa. Likitanmu ya duba ya ce aikin ba wani abin tashin hankali ba ne, amma idan yanar ta wuce lokacinta za ta kashe idon, kuma daga nan babu gyara. Kullum ni ke lallashin kakannin mutane su kwanta a yi musu aiki, nawa kuwa ya gagare ni. Babu irin roƙon da ban yi ba.

"Amarya, ido ɗaya gare ni, ba na caca da shi," abin da yake cewa ke nan, ya juya mini ƙeya.

Garin da motar ta ajiye ni ƙarami ne, iskarsa kamar da gayya take kaɗawa. Gidan tsofaffin ya karɓe ni, amma ba a matsayin ma'aikaciyar jinya ba. Sai na ci wata jarrabawa tukuna, wadda Alhaji Bala bai taɓa ambatarta ba. Kafin nan aikina wanka, canza zanin gado, ba da abinci a baki. Ni Zulai, da ɗalibai ke bin bayana da "Sista, Sista"! Ɗakin da aka ce an share kuwa, mu uku ne a ciki, taga ɗaya ba ta rufuwa. Sa'ar da na yi ita ce Hajara, 'yar zangon Kumasi, wadda ta ji ni ina tsaki ina cewa "Allah ya isa" ta ɗago kai ta ce, "Ke Bahausa ce?" Hausarta ta sha bamban da tawa, muna yi wa juna dariya, amma ita ta nuna mini shagon da ake samun nama na halal, ta kuma koya mini saka safa biyu. Ranar da na fara tuƙa tuwo da garin semo muka ci da miyar kukar Umma, hawaye da majina duk suka haɗu, na ce yaji ne.

A cikin tsofaffin da aka ba ni akwai Madam Doris, tsohuwar malamar makaranta, ƙafafu sun ƙi amma baki garau. Mun dace, don ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. A bangon da ke fuskantar gadonta akwai wani hoto a cikin gilashi. Ranar farko da na shiga gyaran ɗakin na matsa kusa da shi, sai na ga duk ya dame, rawaya ta shiga ja, ja ya shiga shuɗi, kamar yaro ya zubar da koko a kan tabarma ya shafe da hannu. Na ce oh, su Turawa da ake yabo da tsafta, ga danshi ya cinye musu hoto. Na ɗauko tsumma da ruwan goge gilashi na fesa na goge. Bai fita ba. Na sake fesawa, na sa ƙarfi har gilashin yana ƙara.

Sai na ji dariya a bayana. Madam Doris ce, har da riƙe ciki.

"Yarinya, ko za ki shekara kina gogewa ba zai washe ba. Haka mai zanen ya yi abinsa. Ajiye tsumman ki koma bakin ƙofa ki duba."

Na koma ina gunaguni a raina. Da na juyo, ikon Allah! Gona ce. An gama girbi, ƙasa ta yi fayau sai guntattakin kara, ga tarin amfanin gona guda biyu, babba da ƙarami, masu tsinin kai kamar rumbunanmu. Rana ba ta gama fitowa ba, haskenta ya bugi gefe ɗaya na tarin ya yi ja-ja-ja, ɗaya gefen yana cikin sanyi. Can baya bishiyoyi ne da rufin wasu gidaje, duk a lulluɓe da tururin safiya. Wallahi sai da na ji ƙanshin raɓa a kan kara. Na tuna hutun makaranta da ake kai mu ƙauye lokacin girbi, Ango ya tashe ni bayan sallar asuba, in bi shi gona ina rawar ɗari, shi yana ɗaure dami ni ina cin ɗanyen wake. Ban san lokacin da na zauna a bakin gadon tsohuwar mutane ina share ido da gefen hijabi ba.

Ta ce mini ba na ainihin ba ne, kwafi ne da mijinta ya saya mata a wani gidan ajiye zane-zane tun suna da ƙarfi. Wani Bafaranshe ne ya zana, mutumin da ke fita gona da sassafe da kayan fentinsa yana sauri kada hasken ya canza. Na ba ta labarin Ango. Ta nuna idanunta ta ce ita ma an yi mata aikin yana, duka biyun, ga ta nan tana karanta jarida tana kama kurakuran masu rubutawa.

Duk ranar Juma'a da safe kafin in tafi aiki nake kiran gida. Yayana Sani ne ke kai wa Ango waya a zaure, inda yake wuni a kan buzu yana sauraren ƙarar adaidaita sahu. Hirarmu ta saba ƙarewa da faɗa a kan ido. Wannan karon na ce bari in huta, sai na ba shi labarin gonar bango.

"Me suka noma?" ya tambaya.

"An ce alkama ce."

"A ɗaure take ko a zube?"

"Ango, tari ne dai, an yi masa kai kamar rumbu."

"Mutum nawa ne a gonar?"

"Babu kowa."

"Babu kowa? Gari ya waye, amfani yana waje, babu kowa? Wannan mai gonar rago ne, Amarya. Kada ki sake ki aure shi."

Na yi dariya har Hajara ta leƙo. Daga nan gonar ta zama hirarmu. A Gyaɗi-Gyaɗi babu mai yi masa zancen noma, jikokinsa sai ƙwallo da siyasa. Kowane mako sai ya aiko ni da tambaya, ni kuma in tsaya a bakin ƙofar Madam Doris in ƙare wa hoton kallo don in kai masa amsa. Ta wane gefe rana ta fito? Akwai tsuntsaye? Ƙasar jigawa ce ko laka? Madam Doris ta shiga cikin maganar tsundum, da na shigo sai ta ce, "Yau me angon namu yake son sani?" Ban taɓa ce masa hoton a dame yake idan an matso kusa ba. Ni kaina na daina ganinsa haka, gona kawai nake gani.

Wata Juma'a na ce masa inuwar tarin shuɗiya ce.

"Ƙarya kike. Inuwa baƙa ce tun da aka halicci duniya."

"Wallahi shuɗiya ce, har da ɗan ruwan makuba."

Can sai ya ce, a hankali, "Haka ne. Idan raɓa ta sauka sosai, kafin hantsi, inuwar dami takan yi shuɗi-shuɗi. Na manta. Ke wa ya gaya wa Bature wannan?"

Lokacin sanyi ya zo ya same ni. Gari ba ya wayewa sai an kai ruwa rana, kafin ka yi la'asar da kyau duhu ya rufa. Na zauna jarrabawar na faɗi, ba don ban san aikin ba, sai don akwai yadda suke so ka yi magana da mara lafiya, kana yi kana neman izini kamar mai neman aure. Ɗan wani tsoho ya zo ziyara ya ce shi ba ya son mai lulluɓi ta taɓa mahaifinsa, alhali mahaifin nasa ba ya cin abinci sai a hannuna. Na haɗiye, ni da ba na haɗiye magana. Alhaji Bala kuwa daga baya ya buɗe waya, ya ce mini in yi haƙuri, haka Turai take, kowa da haka ya fara. Na ce masa Allah ya saka, na kashe wayata kafin bakina ya ja mini zunubi. Hajara ce ta riƙa kwanciya a gado tana yi mini mara lafiyar ƙarya, tana nishi tana lanƙwasa, ina gwada maganar Turawa a kanta muna shan dariya. A zama na biyu na ci jarrabawar. Madam Doris ta sa aka sayo kek, ta hana kowa yankawa sai ni.

Farin cikin bai daɗe ba Yaya Sani ya kira ni, ba ranar Juma'a ba. Ya ce idon Ango ya fara ja, yana cewa kansa na sara ta gefen. Sun kai shi asibiti da dabara, likita ya ba da magani ya ce kada a ƙara ja da nisa. Na sa aka ba shi wayar, na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, har na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba.

"Amarya, yanzu ina sanin gari ya waye. Idan suka taɓa, wannan ɗin ma ya tafi, wa zai biya ni?"

Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron in koma gida in tarar babu abin da ya rage da za a gyara.

Washegari Madam Doris ta ga fuskata ta ce in rufe ƙofa in zauna. Na faɗa mata komai. Ta ce, "Kin yi ta gaya masa abin da zai rasa idan ya ƙi. Wannan ya riga ya sani, ya fi ki sani. Mu tsofaffi ba ma kwanciya a ƙarƙashin wuƙa don tsoro, sai don kwaɗayi. Ni don in ga fuskar jaririn jikata na yarda. Sauke hoton nan ki kai masa."

Na ce a'a, kyautar mijinta ce. Ta ce ta kalle shi ya ishe ta, ko ta rufe ido tana ganinsa. To a can ma'aikaci ba ya karɓar kyauta daga hannun tsoho haka kawai, sai da aka kira manaja, aka kira 'yarta a waya, aka tabbatar kwafi ne ba dukiya ba, kafin aka yarda. Tsohuwar tana zaune tana ta yi musu tsiya, wai ana taro a kan takarda kamar za a raba gado. Na nemi hutu aka ba ni. Muka cire hoton daga gilashin, Hajara ta naɗe shi cikin wani kwali mai kama da gora, na rungume shi a jirgi kamar jinjiri. A filin jirgin Kano wani jami'i ya sa na warware, ya kalla daga kusa, ya kalle ni, ya ce, "Hajiya, ai ruwa ya ɓata miki shi." Na ce masa na gode.

Na sami Ango a zaure, ya rame, idon ya yi fari fat kamar an ɗiga nono. Da ya ji muryata ya ce, "Wace ce wannan mai warin Turai?" Na durƙusa na gaishe shi, na ce ga gonar na kawo. Ya fara tambaya ko da gaske babu mutum ko dabba a ciki, na ce babu, ya ce to ba laifi a shigo da ita gida. Na shimfiɗa masa a cinya. Ya shafa da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ya sunsuna, ya ɗaga ta har tana taɓa hancinsa, ya juya wajen hasken ƙofa.

"Wani abu rawaya nake gani. Ina inuwar?"

Na kama yatsansa na ɗora a kanta. "Ga ta nan."

Ya daɗe da yatsa a wurin. Ni dai na kame bakina, ban ce masa asibiti ba, ban ce likita ba. Allah ne ya san wuyar da na sha kafin in yi shirun nan.

"Idan za a yi," ya ce, "ke za ki tsaya a kaina?"

"Ƙafata ƙafarka."

"To ki gaya musu. Amma da sharaɗi. Idan an buɗe, gonar nan zan fara gani, ba fuskar likita ba."

Abokan aikina na dā suka bar ni na shiga, na riƙe masa hannu har aka gama, yana ta salati yana matse mini yatsu kamar zai karya su. Washegari da safe aka zo cire bandeji. Babanmu yana tsaye, Umma tana bakin ƙofa da filas ɗin kunu. Yaya Sani, saboda ɗoki, ya warware hoton ya kawo shi daf da fuskar Ango. Ni hankalina yana kan idon, ban lura ba. Na ɗaga audugar a hankali, na goge masa gefen ido, na ce ya buɗe.

Ya buɗe, ya ƙifta, ya ƙura wa hoton ido. Sai na ga fuskarsa ta faɗi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Bai yi ba, Amarya. Dishi-dishi nake gani. Komai a dame."

Duk ilimina ya gudu, na manta da irin hoton da na ɗauko da hannuna, kuka kawai ya ƙwace mini. Ni na ja shi, ni na yi masa alkawari. Umma ta ajiye filas ta fara salati.

"Haba, haba," ya ce, ya juyo wajena yana laluben hannuna kamar yadda ya saba. "Kada ki yi kuka. Haka Allah ya rubuta, ba laifinki ba ne. Ai ko yanzu ya fi..."

Maganar ta tsaya. Ya tsura mini ido, ya matso da kai, ya yamutsa fuska.

"Ke, tsaya. Mene ne wannan a gefen kallabinki? Furfura ce?"

Na taɓa wurin. "Sili biyu ne kawai, Ango."

"Uku ne. La ilaha illallahu! Ashe tsohuwa aka bar mini ana ce mini amarya? Ga ki duk kin rame, sai ido. Wallahi an cuce ni."

Babanmu ne ya fara fashewa da dariya. Ni kuwa kuka da dariya suka shaƙe ni, da ƙyar na iya cewa, "Kana ƙirga furfura, kana cewa ba ka gani?"

Ya ɗaga tafin hannunsa ya duba, ya juya bayansa. Ya kalli Babanmu, ɗansa da ya yi shekaru bai ga fuskarsa ba, ya kalli Umma, ya kalli fankar da ke juyawa a sama. Sa'an nan ya koma kan hoton da ke hannun Yaya Sani, ya sake ƙifta ido, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki, bawan Allah," ya ce. "Amarya, mai zanen nan idan yana da rai, ki taimaka ki kawo shi. Shi ma a yi masa aikin."

Na buɗe baki zan yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in bari tukuna, gona ba ta gudu. Ya jawo ni na zauna a bakin gadon, ya riƙe hannuna gam, yana ta kallon fuskata har kunun Umma ya huce.